Ƙwaƙwalwa da Jijiyoyi

Yara, wa ya taɓa taka ƙaya a hanyar gona? Kafin ka ce "Wayyo!" har ka riga ka ɗaga ƙafa. To, wa ya umurci ƙafar nan ta ɗagu? Abin da za mu koya ke nan yau.

Jikin mutum kamar gari ne, ƙwaƙwalwa kuwa ita ce fadar garin. Can a ke kai labarin kome, daga can kuma umurni ya ke fitowa. Tana da taushi ƙwarai, shi ya sa ta ke cikin ƙoƙon kai mai tauri. Nauyinta a jikin babban mutum bai kai kilo ɗaya da rabi ba, amma ƙwayoyin da ke ɗaukar saƙo a cikinta sun kai wajen biliyan 86.

Ƙwaƙwalwa kashi uku ce. Babban kashi shi ke tunani, da tuna karatu, da gani, da magana. Ƙaramin kashi yana wajen ƙeya, shi ke hana ka faɗuwa in ka hau keke. Na uku yana gindi, shi ke lura da numfashi da bugun zuciya, ko kana barci. Ga wani abin mamaki: gefen hagu na ƙwaƙwalwa shi ke motsa hannun dama, gefen dama kuwa hannun hagu.

Daga gindin ƙwaƙwalwa laka ta sauko ta cikin ƙashin baya. Tsawonta wajen santimita 45 ne. Jijiyoyi 31 sun fita daga gefenta na dama, 31 daga na hagu, suka yi rassa har yatsun ƙafa. Kada ku haɗa su da jijiyoyin jini. Waɗannan farare ne kamar zare, saƙo su ke ɗauka. Waɗansu suna kai labari fada, waɗansu suna kawo umurni ga tsoka. Mafi sauri cikinsu suna kai saƙo fiye da mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya.

Mu koma ga ƙayarmu. Da ka taka ta, sai jijiya ta kai labari ga laka. Laka kuwa kamar hakimi ce wanda ya ga gobara. Ba ya jiran izinin fada, sai ya ce a kawo ruwa, labari kuma ya wuce gaba. Haka laka ta ke umurtar ƙafa ta ɗagu nan da nan. Sai labari ya isa ƙwaƙwalwa sa'an nan ka ji zafi.

Ku gwada wannan. Ɗayanku ya zauna a benci, ya ɗora ƙafa ɗaya bisa ɗaya, ya sake ta. Abokinsa ya buga masa gefen hannu a hankali ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Za ku ga ƙafar ta zabura da kanta.

Wani lokaci saƙonnin ƙwaƙwalwa su kan rikice na ɗan lokaci, mutum ya faɗi yana karkarwa. Wannan ita ce farfaɗiya. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki. Saboda haka in ta kama abokinka, kada ka gudu ka bar shi. Ka kawar da shi daga wuta da bakin rijiya, ka sa masa riga ƙarƙashin kai. Kada ka sa masa kome a baki. In karkarwar ta tsaya, a kwantar da shi a gefensa, a kira malam. Akwai maganin da ke hana ta tashi a asibiti.

Fatar da ta yanke ta kan haɗe, amma lakar da ta tsinke ba ta haɗewa. Don haka kada ka tunkuɗa wani daga kan itace, kada kuma ka hau babur ba hular kwano.

Tambayoyi

1. Ina laka ta ke?
2. Wane kashi na ƙwaƙwalwa ke lura da numfashi?
3. Don me a ke ɗaga ƙafa kafin a ji zafin ƙaya?
4. Me za ka yi in farfaɗiya ta kama abokinka?