Hanyar Zama Malamin Ƙididdigar Lafiya a Jami'a

TAMBAYA: Na karanta ƙididdiga, yanzu ni ƙaramin malamin jami'a ne a nan Sakkwato. Likitoci da ɗaliban digiri na biyu sukan kawo mini alƙaluman bincikensu in tace musu, su ba ni na goro. Burina in ƙware a ƙididdigar lafiya har in kai farfesa, amma shekaru na tafiya, babu maƙala ko ɗaya da sunana. Ina mafita?

AMSA: Damuwarka ta taso ne daga lokacin da ake nemanka. Sai an gama tattara bayanai, an makara, sannan a kawo maka tarin takardu a ce ka fitar da sakamako. Wanda aka kira a ƙarshe ɗan aikatau ake ɗaukarsa, a biya shi a sallame shi. Ita kuwa jami'a, da digiri na uku da maƙalun da aka wallafa take auna ƙarin girma.

Cutarwar ba a kanka kaɗai ta tsaya ba. Idan tun farko an ɗebi mutane kaɗan, ko an tambayi waɗanda suka zo asibiti kawai aka ce su ne hoton gari, babu lissafin da zai gyara binciken. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ka kuma san cewa yankin nan na matuƙar buƙatarka. Annobar sanƙarau ta 2016 zuwa 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ta kashe mutum fiye da 1,100 a Najeriya. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 5 cikin ɗari kacal na yaran jihar Sakkwato suka samu cikakken rigakafi. Asibitin yara masu ciwon noma, mai zaizayar baki da fuska, yana garin nan tun 1999, kuma sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ciwon cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Yara nawa yake kamawa a shekara? Me ya sa wani ƙauye ya fi wani? Amsar tana hannun mai iya ƙirga.

Ga abin da nake ba ka shawara.

Na farko, ka koyi lafiya, kada ka tsaya ga lissafi. Ka riƙa halartar tarukan gabatar da bincike na sashen kiwon lafiyar al'umma a Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ka fahimci yadda annoba ke yaɗuwa, da bambancin sababbin kamu da jimillar masu ɗauke da ciwo. Ka je asibitin karkara ka ga yadda ake cika rajista kafin alƙaluman su hau manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2. Wanda ya ga rajistar da ido ba ya yarda da kowane adadi ido rufe.

Na biyu, ka nemi digiri a fannin kai tsaye. Jami'ar Ibadan tana da sashen nazarin annoba da ƙididdigar likitanci wanda ya daɗe yana yaye ƙwararru. Akwai kuma haɗin gwiwar jami'o'in Afirka mai suna SSACAB, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu, wanda aka kafa domin horar da masu wannan ilimi. Tunda kai ma'aikacin jami'a ne, ka bincika tallafin karatun malamai na TETFund a ofishin da ke kula da shi a makarantarku.

Na uku, ka sauya sharaɗin aikinka. Duk wanda ya zo, ka gaya masa cikin ladabi cewa kana son a zauna da kai tun ana tsara bincike, ku ƙayyade yawan mutanen da za a ɗiba da yadda za a zaɓe su, kafin a kai wa kwamitin ɗa'ar bincike. Ƙa'idar manyan mujallun likitanci ta amince da sunan wanda ya tace bayanai, ya fassara su, ya kuma sa hannu a rubutun. Ku yi wannan magana a rana ta farko, a rubuce. Kuma duk wanda ya roƙe ka ka murɗa sakamako don ya dace da abin da yake so, ka ƙi, ko da ya girme ka. Amana ce jarinka.

Na huɗu, ka riƙi tambaya guda ta zama taka. Ko rigakafin yara ne a ƙananan hukumomi 23 na jihar, ko mace-macen mata wajen haihuwa, ka bi ta shekara da shekaru har a san ka da ita. Ka ƙware a manhajar R, kyauta ce, ba sai ka jira kuɗin lasisin SPSS ko Stata ba. Ka guji mujallun da ke karɓar kuɗi su buga maƙala cikin mako guda ba tare da tantancewa ba, domin zubar da mutunci suke yi.

Na biyar, a aji ka koyar da alƙaluman gida. Ɗalibin likitanci da ke gudun lissafi yakan natsu idan misalin na sanƙarau ne a ƙaramar hukumarsu. Cikin waɗannan ɗalibai abokan bincikenka na gobe za su fito.

A wannan zangon karatu, ka nemi babban malami guda a fannin lafiyar al'umma, ka kai masa tsarin bincike mai shafi biyu da ka rubuta da kanka, ka roƙe shi ya zama jagoranka. Allah Ya yi maka jagora.