DARASI: HANYOYI BIYU NA LISSAFIN BUHUNA A KWAMFUTA

A yankinmu na Funtua da Malumfashi, kaka lokacin lissafi ne. Masara, dawa, waken soya da auduga suna kwarara zuwa kasuwannin Dandume, Bakori da Funtua. Idan manoman ikilisiya suka haɗa kayansu domin sayarwa tare, dole a rubuta buhun kowa. To, yaya za mu tsara wannan rubutu a kwamfuta?

Hanya ta farko ita ce takardar lissafi, irin su Lotus 1-2-3 da ta fito a 1983, da Excel da ta biyo baya a 1985. Tsarinta kamar littafin magatakarda ne: layuka a kwance da a tsaye, kowane gurbi da adireshinsa, misali B7. A layi ɗaya muke rubuta suna, gari, buhuna da farashi. Tana da sauƙin koyo. Amma in manomi ya kawo kaya sau goma, sai an rubuta sunansa da garinsu sau goma. Yau a rubuta “Malumfashi”, gobe “M/Fashi”, kwamfuta kuwa ta ɗauka garuruwa biyu ne. Daga nan jimla ke karkacewa, har haƙƙin wata gwauruwa ya salwanta ba da nufin kowa ba.

Hanya ta biyu ita ce ta manhajojin rumbun bayanai. Tushen tsarinsu shi ne dabarar da Edgar Codd na kamfanin IBM ya bayyana a 1970, wato a raba bayanai jadawali-jadawali. Jadawalin manoma daban, kowa da lambarsa da garinsu, an rubuta sau ɗaya tak. Jadawalin ciniki daban: lambar manomi, rana, buhuna, kuɗi. Lambar nan ita ce igiyar da ta ɗaure su. In aka gyara suna a wuri ɗaya, ya gyaru ko'ina. In muka tambaya buhu nawa mutanen Kafur suka kawo a Nuwamba, amsa ta fito nan take.

Gonar makaranta, takardar lissafi ta ishe ta. Ƙungiya mai ɗaruruwan mambobi da cinikin shekaru kuwa, sai hanya ta biyu. Ko da wacce muka fara, mu ba kowane manomi lamba tun ranar farko, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lissafin gaskiya ma hidima ce ga Ubangiji.

Aikin gida: ku zana jadawalan nan biyu a littafinku, da manoma biyar da ciniki goma.