Wutar Aro da Cajar Batir a Ƙaramin Jirgi: Abin Yi da Abin Bari

Kada ka tashi sama da batirin da ya kwana a mace. Wannan ce dokar farko, kuma ita aka fi takawa. Matuƙi ya zo da sassafe, ya murɗa makulli, farfela ta ƙi motsi, sai ya ce a turo masa amalanken wuta, wanda ma'aikatan filin jirgi ke kira GPU. Inji ya kama, ya ɗaga babban yatsa, ya wuce. Injin dai ya tashi, amma batirin yana nan fanko. A jirage irin su Cessna 172 da Piper Cherokee magnito ne ke ba fulogi wuta, don haka injin zai yi ta ruri ko babu batir, kuma wannan rurin ne ke yaudarar mutum. Idan altaneta ta mutu a sama, batir ne kaɗai zai riƙe rediyo da fitilu da na'urorin gaban matuƙi, ana kuma sa ran ya yi aƙalla minti 30 yana ɗauke da su. Wanda aka tayar da wutar aro ba shi da wannan ajiya. Jirgi ba mota ba ne da za a gangara gefen titi a nemi masu turi.

Wanda yake ganin ana tsananta magana, ya tuna abin da ya faru a Speyer ta ƙasar Jamus a watan Maris na 2007. An tarar da batirin wani jirgi mai inji biyu samfurin Diamond DA42 ya mutu, aka tayar da injinan duka biyu da wutar ƙasa, alhali littafin jirgin ya yarda a tayar da ɗaya ne kawai da ita, na biyun da wutar jirgin kansa. Injinan wannan jirgi kwamfuta ce ke sarrafa su. Yana barin ƙasa, matuƙi ya ja tayoyi sama, wuta ta yi ƙasa na ɗan ƙiftawar ido, kwamfutocin suka ɗauke, injina biyu suka mutu lokaci guda. Bayan nan ne hukumomi suka wajabta ƙara wa kwamfutocin batirin ko-ta-kwana. Irin wannan jirgi yana cikin waɗanda ake koyon tuƙi da su a kwalejin Zariya, saboda haka darasin namu ne.

Ka cire mataccen batir, ka kai shi kan benci, a yi masa caji yadda ya kamata, sannan a gwada yawan wutar da yake iya riƙewa. Kamfanin Concorde mai ƙera batir ya ce batirinsa da ya gaza kashi 85 cikin ɗari na ƙarfinsa bai cancanci komawa jirgi ba. Kada ka ce altaneta za ta cika shi a hanya. Wutar da take tura wa fankon batir ta yi masa yawa, tana dafa shi ne.

Ka san jirginka bolt nawa yake ci kafin ka taɓa waya. Cessna 172 da aka ƙera kafin 1978 tsarin bolt 14 gare shi, daga 1978 aka koma 28, kuma soket ɗinsu mai ƙafa uku kamarsu ɗaya. Bakin waya zai shiga lafiya lau, ba zai gargaɗe ka ba. Ka zuba 28 a jirgi mai 14, rediyon da aka saya da dala ya tashi aiki nan take. Ka duba rubutun da ke jikin murfin soket, ka duba makunnin amalanken da idonka, kada ka karɓi "an riga an saita" daga bakin kowa.

Kada ka yi aiki da haddar wani jirgi. Littafin Cessna 172N ya ce a kunna babban makunni kafin a jona wutar waje. Na Cherokee ya ce a kashe shi. Duka biyun daidai ne, kowanne a jirginsa. Buɗe littafin, ka bi shi layi-layi. Rediyo da sauran na'urori masu laushi kuwa a kashe suke har inji ya daidaita.

Soket ɗin Cessna yana gefen hagu na murfin inji, taku kaɗan daga farfela. Ka sa wa tayoyi waigi, ka ja birki, ku yi yarjejeniya da mai cire waya a kan alamar hannu tun inji bai tashi ba. Ya zo ta baya, ya koma ta baya. Ban da babbar riga, ban da hula mai tashi, ban da mayafi. Ya kama kan wayar ya zare, kada ya fizgi igiyar. Kuma kada ka ba wannan aiki ga wanda yau ne ya fara tsayawa kusa da farfela mai juyawa.

Sai maganar caja. Kada ka ɗauko ta mota. Farantan batirin jirgi sirara ne, ruwansa ya fi kauri, cajar mota kuma tana iya wuce bolt ɗin da yake jurewa ta busar da shi. Nemi wadda aka yi domin samfurin batirinka. Batir mai bolt 12 da ya sauka ƙasa da 12.5, ko mai 24 da ya gaza 25, yana neman caji ko da jirgin bai motsa ba. Zafi na saurin tsotse batirin da ke ajiye: duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin zubar wutarsa, ka kuwa san abin da watan Afrilu ke yi wa rumfar kwano a Kano ko Maiduguri. Ka riƙa aunawa a kai a kai.

Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji. Ka yi cajin inda iska ke kaɗawa, nesa da mai, nesa da sigari. Kashe caja kafin ka cire kunnuwanta. In za ka sauke batir daga jirgi, fara kwance negatib. In za ka mayar, shi ne na ƙarshe. Tataccen ruwa kaɗai ake ƙara masa, ban da na rijiya, ban da na leda. Kada ka haɗa batirin dalma da na nikel a ɗakin caji ɗaya, ko ka yi musu aiki da kayan aiki ɗaya, domin ruwan wannan yana lalata na wancan.