Darasi: Na'ura a Jikin Mutum, da Tarbiyyar 'Ya'yanmu

Darasinmu na wannan wata ya tsaya kan tambaya guda: idan aka dasa wa mutum na'ura a jiki, darajarsa ƙaruwa take yi ko raguwa?

A shekarar 1958, a ƙasar Suwidin, likitoci suka dasa wa wani mai suna Arne Larsson 'yar na'ura mai daidaita bugun zuciya. Shi ne na farko a duniya. Ba ta daɗe ba ta tsaya, aka sa masa wata, aka yi ta sauyawa fiye da sau 20, har ya rasu a 2001 yana da shekara 86. A 1960 kuma masana biyu a Amurka, Manfred Clynes da Nathan Kline, suka raɗa wa wannan haɗi na jiki da na'ura suna "saibog". A yau ana dasa wa kurame abin ji a kunne. A 2024 kamfanin Neuralink ya dasa na'ura a ƙwaƙwalwar wani shanyayye, ya zama yana sarrafa kwamfuta da tunani kawai.

Ikilisiya tana gode wa Allah saboda irin wannan magani. Littafin Farawa, sura ta 1, ya koya mana cewa cikin kamannin Allah aka halicce mu, daga nan ne darajarmu ta fito. Saboda haka Larsson mai na'ura a jiki cikakken mutum ne, haka ma kurman da iyayensa ba su da kuɗin aiki. Na'ura ba ta ɗaga wancan ba, rashinta bai ƙasƙantar da wannan ba.

Haɗarin yana wajen ilimi. Wanda ya ɗauki mutum kamar inji zai ɗauki kan yaro kamar rumbu, a zuba masa sani har ya cika, shi ke nan. Majalisar Vatikan ta Biyu, a takardarta ta 1965 kan ilimin Kirista, ta ce manufar ilimi ita ce gina mutum ɗungurungum, kuma iyaye ne malamai na farko. A Janairun 2025 Vatikan ta sake jaddada haka a takardar Antiqua et Nova, ta gargaɗe mu kada ɗalibai su bar wa na'ura aikin tunani.

Wayar da ke hannun ɗanka tana iya ba shi amsar lissafi nan take. Amma ba ta jin kunyar ƙarya, ba ta neman gafara, ba ta kwana a gefen gadon mara lafiya. Waɗannan a gida ake koyonsu, ta wurin ganin uwa da uba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi domin zumuntoci: Yaushe rabonka da tambayar ɗanka yadda ya sami amsa, kafin ka yaba makinsa? Yaya muke karɓar naƙasassu a makarantun Ikilisiyarmu?

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.