KIWON ƘUDAN ZUMA DOMIN SAMAR DA KAKI NA HAƊA SABULU

Gabatarwa

Yawancin masu kiwon zuma sukan matse zuma su zubar da saƙarta, alhali kuwa a cikin saƙar nan ake samun kaki. Ƙudan zuma kan sha kimanin kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su samar da kilo 1 na kaki, don haka zubar da shi babbar asara ce. Kaki yana sa sabulu ya yi tauri, ya daɗe bai narke ba.

Amyar da ta dace

Amya mai sanduna a sama, wadda aka fi sani da amyar Kenya, ta fi ba da kaki, domin ana yanke saƙar gaba ɗaya lokacin ɗiba, ƙudan kuma su sake gina sabuwa. Faɗin kowace sanda ya zama santimita 3.2. A goga ɗan kaki a ƙarƙashin sandunan domin jawo ƙudan, a ajiye amya a inuwa kusa da ruwa, nesa da gidaje.

Ɗibar saƙa

A yi ɗiba da rani, da yamma, da hayaƙi mai sanyi. Kada a yi amfani da harshen wuta, domin yana kashe ƙudan, ya kuma ɓata kaki. A yanki saƙar da aka rufe bakinta kawai, a bar mai ɗauke da ƙwai da 'ya'ya. A ware farar saƙa daban da baƙa.

Tace kaki

1. Bayan matse zuma, a wanke saƙar da ruwa mai tsabta.
2. A zuba ta cikin tukunyar alminiyam ko ta silba mai ruwa, a ɗora a ƙaramar wuta. Tukunyar baƙin ƙarfe ko ta tagulla na ɓata launinsa.
3. Kaki na narkewa a zafin digiri 62 zuwa 64 na Salshiyos. Kada a narka shi ba ruwa, domin yana kamawa da wuta.
4. A tace da ƙyalle, a bar shi ya kwana. Kakin zai daskare a saman ruwa, sai a kankare dattin ƙasansa.

Haɗa sabulu

Kayan haɗi: man ja giram 500, man alayyadi giram 300, man kaɗanya giram 180, kaki giram 20, sodar sabulu giram 140, ruwa giram 330. A auna komai da sikeli. Idan kaki ya wuce kashi 3 cikin 100 na nauyin mai, kumfa zai ragu.

1. A sa safar roba da tabarau, a nisanta yara.
2. A zuba soda cikin ruwa sannu a hankali, a wuri mai iska. Kada a zuba ruwa a kan soda, domin zai yi tsiri ya ƙona mutum. A nan a yi amfani da bokitin roba mai kauri, saboda soda na cin alminiyam.
3. A narka kakin cikin mai. Idan ya huce zuwa kimanin digiri 55, a tsiyaya ruwan soda, ana juyawa har ya yi kauri kamar kunu.
4. A juye a mazubi, a yanka bayan kwana 2, a shanya a inuwa mako 4 zuwa 6 kafin amfani. Sabulun da bai nuna ba yana cin fata.

Kammalawa

Ana shawartar malaman gona su gwada wannan aiki a gaban manoma da ƙungiyoyin mata kafin lokacin ɗiba, domin kowa ya tanadi saƙarsa. Kakin da aka tace yana shekaru bai lalace ba, kuma kilo 1 ya isa haɗi 50 irin wannan.