Labarin Ƙasa: Tafkin Kurra

Malamin da zai koyar da darasin tafki ba sai ya je nesa neman misali ba. Kudu da Jos, a ƙasar Barikin Ladi, akwai tafkin Kurra. Shi wannan tafki mutane ne suka yi shi, watau datse kogi aka yi ruwa ya taru.

Dalilin zaɓen wurin kuwa biyu ne. Na fari, tudun Jos ya kai wajen ƙafa 4,000 bisa teku, saboda haka ruwa yana gangarowa da ƙarfi daga gefensa. Na biyu, damina tana kawo ruwa wajen inci 55 daga Afrilu zuwa Oktoba, sa'an nan rani ya shigo, koguna su janye. Tilas a tara na damina domin rani. A 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da lantarki a Kurra saboda aikin kuza.

Amma ku lura, ran tafki yana ga itatuwan da ke kewaye da shi. Saiwoyinsu ke riƙe ƙasa. In an sare su, ruwan sama ya kwashi laka ya zuba cikin tafki, a hankali ya cike, ruwa ya ragu.

Ku nuna wa yara haka. Ku sami tudu biyu, ɗaya mai ciyawa, ɗaya fili. Ku kwarara ruwa bisa kowanne, yara su faɗi wanda ya fi fid da jan ruwa.