Amsoshin Tambayoyinku: Ko Zan Iya Bai wa Yayana Ƙoda?

Malama Hauwa daga Kakuri, Kaduna ta Kudu, ta rubuto cewa yayanta na zuwa wankin ƙoda. Tana tambaya ko za ta iya ba shi ƙoda ɗaya ta ci gaba da rayuwa lafiya.

To Malama Hauwa, Allah ya ba shi lafiya. E, mai koshin lafiya yana rayuwa da ƙoda ɗaya. Amma sai an gwada ki tukuna: jininku ya dace, ba ki da hawan jini ko ciwon suga, ƙodojinki biyu suna aiki sosai. Idan gwaji ya hana, ki haƙura, kada ki matsa wa likita.

Dashen ƙoda ba sai an je Indiya ba. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana yin sa tun 2002. Bayan dashen, yayanki zai riƙa shan magani kullum don kada jikinsa ya ƙi sabuwar ƙodar, kuma maganin da tsada, ku shirya.

Ita ƙodar kuwa kyauta ake bayarwa, kyauta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da sassan jiki. Ku fara tuntuɓar likitan da ke duba shi.